Gitar da ta sha ɓoyo: Yadda ƙungiyar Bombino ta dawo fagen kiɗa a Agadas

A watan Janairun 2010, jama'a sun yi dafifi a gindin hasumiyar babban masallacin Agadas da ke Jamhuriyar Nijar domin sauraron kiɗan gita. Shekaru uku kafin nan, riƙe wannan abin kiɗa a garin kan iya jefa mutum cikin halaka. Wanda ya jagoranci wasan shi ne Omara Moctar, da aka fi sani da Bombino, wanda bai jima da dawowa daga gudun hijira ba.

An haife shi a 1980 a Tidene, wani zangon Abzinawa da ke yankin Agadas. Yana ɗan shekara 10 tawayen 1990 ya ɓarke, lamarin da ya tilasta wa iyalinsa tserewa zuwa Aljeriya. A can ne ya fara taɓa wata gita da 'yan uwa suka zo da ita.

A wancan zamani, kiɗan gitar Abzinawa ba ya samun shiga gidajen rediyon gwamnati. Ƙungiyoyi irin su Tinariwen da Takrist Nakal ta marigayi Abdallah Oumbadougou suna naɗar waƙoƙinsu ne a kaset, matasa kuma su riƙa kwafa suna miƙa wa juna a asirce. Waƙoƙin na magana kan fari, ƙaura, rashin aikin yi da kewar gida, shi ya sa hukumomi suka ɗauke su a matsayin muryar 'yan tawaye.

Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1995, kiɗan ya fito fili. Bombino ya koyi sana'ar a wajen makaɗi Haja Bebe, inda ya samu laƙabinsa daga kalmar Italiyanci mai nufin ƙaramin yaro. Daga baya ya kafa tasa ƙungiyar, suna kiɗa a bukukuwan aure da tarukan gari, suna haɗa salon gargajiya da na rock, irin na Jimi Hendrix na Amurka.

Sai dai a 2007 wani sabon tawayen ya kunno kai a arewacin Nijar, lokacin mulkin Mamadou Tandja. An sanya yankin Agadas ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, gita ta sake zama abin tuhuma. An kashe biyu daga cikin abokan kiɗan Bombino, shi kuma ya tsallake zuwa Burkina Faso. Ƙungiyar ta watse.

Amma kaset ya je inda mai shi bai je ba. Wani mai shirya fim Ba'amurke, Ron Wyman, ya ji waƙoƙin yayin wata tafiya a yankin, ya yi ta cigiyar makaɗin har ya same shi a Wagadugu a 2009. A shekarar ce kuma aka ajiye makamai. Da yardar Sarkin Agadas aka shirya wasan bakin masallacin, domin murnar dawowar zaman lafiya.

Daga nan ƙofofi suka buɗe. Kundinsa mai suna Agadez ya fito a 2011, sai Nomad a 2013, wanda Dan Auerbach na ƙungiyar The Black Keys ya tsara. Kundin Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da ya shiga jerin masu takarar kyautar Grammy. A 2023 ya fitar da Sahel.

Agadas ba baƙon gari ba ne ga Katsinawa. Shekaru aru-aru ayarin raƙuman Abzinawa ke kawo gishiri ƙasar Hausa, Hausa ce kuma harshen kasuwar garin. Mazauna Ƙetare da sauran garuruwan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, inda matsalar 'yan bindiga ta rage armashin biki da hirar dare, sun san yadda tsoro ke kashe dandali.

Abin da ya mayar da Bombino fage a 2010 ba shahara ba ce, domin a lokacin duniya ba ta gama saninsa ba. Sai da bindiga ta yi shiru kafin makaɗi da 'yan kallo suka iya tsayawa wuri guda.