Ko Kun Sani? Ɗaliban Madina

Ko kun san cewa mafi yawan ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Madina ba 'yan Saudiyya ba ne? An buɗe ta a 1961, zamanin Sarki Sa'ud, da niyyar ɗaukar matasa daga ƙasashen Musulmi, 'yan Najeriya da Nijar na cikinsu. Marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam can ya yi karatu. Wanda Larabcinsa bai nuna ba, sai ya fara zama a cibiyar koyon harshe kafin ya shiga kwaleji. Masauki kyauta ne, ga alawus duk wata.

Sai dai karatun bai ƙarewa a aji. Bayan Magariba ɗalibi kan tafi Masallacin Annabi (SAW), ya naɗe ƙafa kusa da wani ginshiƙi, littafi a cinya, malami na bisa kujera yana bayani har a kira Isha'i. Wasu ma sun fi ji da wannan zama a kan lacca.

Ran hutu kuwa sai yawon buɗe ido: Masallacin Ƙuba, na farko a Musulunci, da Ƙiblataini, da Dutsen Uhudu inda aka binne Sayyidina Hamza. Wurin da alhazai ba su cika leƙawa ba shi ne tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Turkawa a Anbariyya, wadda layin dogo daga Dimashƙa ya iso a 1908. Jirgin yau, Haramain, da aka buɗe a 2018, yakan kai ɗalibi Makka Umara cikin awa biyu da 'yan kai.