Jan-baki a hotunan mujallu

Jan-baki a hotunan mujallu yana nufin zaɓar launin leɓe da shafa shi ga wadda za a ɗauka hoto domin shafukan ado da kwalliya na mujalla. Irin waɗannan hotuna sun bambanta da na talla: hoton talla kaya ɗaya yake son sayarwa, hoton mujalla kuwa jerin hotuna ne da ke ba da labari ko nuna wani salo. Aikin yana hannun mai kwalliya, wanda ke haɗa kai da mai ɗaukar hoto, da mai tsara sutura, da editan ado na mujallar. Babbar ƙa'idar aikin ita ce ba a yanke hukunci kan launi a gaban madubi. Ana yanke shi ne a kan abin da kyamara ta gani, domin fitila da kyamara da injin ɗab'i duk suna sauya launin kafin ya isa idon mai karatu.

Tarihi

A farkon ƙarni na 20, fim ɗin da ake ɗaukar hoto da shi ba ya kama jan launi, don haka jan leɓe yakan fito baƙi a hoto. Fim mai kama dukkan launuka ya bazu a masana'antar sinima ta Amurka a ƙarshen shekarun 1920, abin da ya sa Max Factor ya haɗa kayan kwalliya na musamman da suka dace da shi. Shi ne kuma ya ƙirƙiro man leɓe mai sheƙi domin 'yan fim, ya fito da shi kasuwa a 1932.

A watan Yulin 1932 mujallar Vogue ta buga bangonta na farko mai hoto mai launi, wanda Edward Steichen ya ɗauka. Daga nan launin leɓe ya zama abin da ake tsarawa da gangan. Bangon Vogue na Janairun 1950, aikin Erwin Blumenfeld, ya shahara saboda an share fuskar Jean Patchett gaba ɗaya, aka bar ido da gira, da ɗigon tawadar Allah, da jan leɓe. A 1952 Richard Avedon ya ɗauki Dorian Leigh domin tallan jan-bakin Fire and Ice na kamfanin Revlon, hoton da ya yi tasiri kan salon mujallu na lokacin.

Wasu kamfanonin sun samo asali ne daga matsalar hoto kanta. Frank Toskan, mai kwalliya kuma mai ɗaukar hoto, tare da Frank Angelo sun kafa MAC a Toronto a 1984 domin samar da launukan da ke fitowa daidai a gaban kyamara. Kafin nan, a 1973, Eunice Johnson ta kamfanin da ke buga mujallar Ebony ta kafa Fashion Fair domin mata baƙar fata, bayan ta ga masu nuna mata sutura suna gauraya kayan kwalliya da kansu saboda babu wanda ya dace da su a kasuwa. A 1991 Bobbi Brown ta fara da jan-baki kala goma masu kama da launin leɓe na halitta.

Abubuwan da ke cikin jan-baki

Jan-baki haɗin kaki ne da mai da sinadarin launi. Kakin zuma, da kakin karnauba na Brazil, da kakin kandelila na Meziko su ke ba shi tauri. Man zurma da lanolin da man kaɗe su ke sa ya yi santsi a leɓe. Launi yana fitowa daga rinin da aka haɗa a masana'anta, ko tsatsar ƙarfe da aka tace, ko karmin, wani jan rini da ake samu daga ƙwaron kocinil. Ana ƙara farin sinadarin titaniyam domin launi ya yi haske kuma ya rufe leɓe. Yawan kaki da garin launi yana ba da jan-baki marar sheƙi, yawan mai kuma yana ba da mai sheƙi. Wannan bambanci shi ke nuna yadda leɓe zai mayar da hasken fitila.

Zaɓar launi

Kafin ranar ɗauka, editan ado kan rarraba allon hotunan misali da ke nuna yanayin da ake so. Mai kwalliya yana duba abubuwa huɗu: launin fata, launin leɓen kansa, sutura da bangon baya, sai kuma nisan kyamara daga fuska.

Kowane ja yana karkata zuwa wani gefe. Akwai mai karkata zuwa ruwan lemo, akwai mai karkata zuwa shuɗi, akwai mai karkata zuwa ruwan ƙasa. Ja mai ɗan shuɗi yana sa haƙora su fito fari, mai ruwan lemo kuwa yana fito da rawayar haƙori, abin da ke da muhimmanci idan za a yi murmushi a hoton. Sau da yawa ba a amfani da jan-baki ɗaya. Ana gauraya biyu ko uku a kan farantin ƙarfe har a sami abin da ake nema.

Launukan da ake kira na halitta, wato masu kama da fata, su ne suka fi wuyar zaɓa. Abin da ya zama na halitta ga farar fata yakan fito toka-toka a baƙar fata, saboda farin sinadarin da ke cikinsa, kuma walƙiyar kyamara tana ƙara fito da wannan tokar. Saboda haka ana auna launin da leɓen mutum ne, a zaɓi wanda ya ɗan fi shi duhu ko haske kaɗan. Mutane da yawa masu duhun fata suna da leɓe mai launi biyu, na sama ya fi na ƙasa duhu. Mai kwalliya na iya daidaita su da fensir mai ruwan ƙasa, ko ya bar bambancin ya ɗora sheƙi kawai.

Akwai tsohuwar al'ada ta cewa idan leɓe ya yi ƙarfi, ido ya sassauta. Mujallu kan karya ta da gangan, amma tana da amfani idan sutura ce ake son mai karatu ya fara gani.

Tasirin haske da ɗab'i

Ana auna launin haske da ma'aunin Kelbin. Hasken rana da walƙiyar sutudiyo suna kusan 5,500, fitilar tangistan kuwa 3,200. A ƙarƙashin tangistan ja yana karkata zuwa ruwan lemo, ruwan hoda kuma ya rasa kaifinsa, sai idan an daidaita kyamara. Haske mai tsanani daga gefe yana fito da kowace tsaga a leɓe marar sheƙi. Man sheƙi kuma yana aiki kamar madubi: siffar fitilar takan bayyana a leɓen ƙasa a matsayin farin tabo, wani lokaci ta rufe launin.

Kyamarar dijital na iya cika da jan launi idan ya yi ƙarfi, leɓe ya fito kamar fenti ba tare da zanen fata ba. Ɗab'i kuma yana da nasa iyaka. Injin buga mujalla yana aiki da tawada huɗu: shuɗi mai haske, majenta, rawaya da baƙi. Ja yana samuwa ne daga haɗin majenta da rawaya, kuma wasu launuka masu ƙyalli da ke fitowa a allon kwamfuta ba sa fitowa a takarda. Shi ya sa ake haɗa kyamara da kwamfuta, a ɗauki hoton gwaji, a duba leɓen a babban allo kafin a fara aikin sosai.

Yadda ake shafawa

Ana fara shafa man leɓe tun farkon kwalliya domin ya jiƙa busasshiyar fata yayin da ake gyara sauran fuska. Idan an zo kan leɓe, sai a goge man da tishu, domin launi ba ya kama leɓe mai maiƙo. Daga nan a ja layi da fensir, a fara daga lanƙwasar tsakiyar leɓen sama da tsakiyar na ƙasa, sannan a haɗa zuwa kusurwoyi. Idan ana son ƙara girman leɓe, a tsakiya kaɗai ake ɗan wuce iyaka, don hoton kusa yana tona layin da ya fita da yawa.

Ana shafa launin da ƙaramin buroshi, siriri-siriri. Bayan shafi na farko a danna tishu, a ɗan barbaɗa hoda, a sake shafawa. Shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri daɗewa a ƙarƙashin zafin fitila. A ƙarshe a gyara gefuna da buroshi mai faɗi da ɗan abin rufe tabo. Idan salon mai laushi ake so, ana ɗiga launin a tsakiya a baza shi da yatsa ba tare da layi ba. Man sheƙi shi ne na ƙarshe, dab da ɗauka, domin yana kwarara kuma gashi na manne masa.

A rana guda ana iya sauya launi sau da yawa. Ana farawa da marasa ƙarfi a ƙare da masu duhu, domin rinin ja yana barin tabo, kuma yawan gogewa yana sa leɓe ya kumbura ya yi ja.

Tsafta

Ƙwayar cutar da ke kawo ƙurajen leɓe tana yaɗuwa ta kayan da aka yi tarayya a kai. Ƙwararru ba sa ɗora sandar jan-baki kai tsaye a leɓen mutane daban-daban. Suna kankaro kaɗan da ƙaramin cokalin ƙarfe, su fere fensir kafin kowane amfani, su tsaftace kaya da sinadarin alkohol na kashi 70 cikin ɗari. Ana kuma tambayar wadda za a yi wa kwalliya ko jikinta na ƙin wani sinadari, kamar lanolin ko karmin, ko tana guje wa karmin saboda addini ko saboda ba ta amfani da abin da ya fito daga dabba.

Gyara bayan ɗauka

Mai gyaran hoto a kwamfuta yana iya share launin da ya taɓa haƙori ko daidaita gefen da ya karkace. Sauya launin gaba ɗaya abu ne mai sauƙi, amma yana da matsala: mujallu kan rubuta sunan jan-bakin da aka yi amfani da shi a gefen hoto, kuma mai karatun da ya saye shi yana sa ran ganin abin da ya gani a shafin. Wannan ne ya sa ake son a gama yawancin aikin a kan leɓe da fitila tun a sutudiyo.