Ɗaukar Hoton Ɓarna a Gona Daga Nesa

Manoma 'yan'uwana, sau da yawa mutum kan zo ofis ya ce mini, "Malam, wani abu yana cin masarata." In na ce ya kwatanta shi, sai ya ce tsutsa ce. To, tsutsa iri-iri ce, kuma maganin wata ba ya kashe wata. Saboda haka wannan mako zan yi bayanin wata 'yar na'ura da za ta taimake mu.

Sunanta rimot. 'Yar ƙarama ce, masu sayar da kayan waya suna da ita. Ba ta da igiya, ta hanyar Bluetooth take magana da wayarka. Aikinta ɗaya: in ka danna ta, kamar ka danna maɓallin ƙara murya ne a jikin wayar, wanda a yawancin wayoyi shi ke sa kyamara ta fara ɗauka.

Ga yadda ake yi. Kunna Bluetooth, ka haɗa su. Buɗe kyamara, ka sa ta a wajen bidiyo. Kafa sanda kusa da shukar, ka ɗaure wayar da roba, rana tana bayanta. Danna sau ɗaya, ta fara. Danna kuma, ta tsaya. In ta ƙi, duba saitin kyamara, ka mai da maɓallin murya ya zama na ɗauka. Ikonta ba ya wuce kamar mita 10, kuma ganuwa ko katanga tana rage shi. Gwada a gida tukuna, kada ka yini a gona ka koma hannu wofi.

Amfaninta biyu ne. Na fari, hoton ba ya rawa, hannuwanka kuma suna sake, sai ka buɗe kan masara a hankali a ga abin da ke ciki. Tsutsar nan da ta fito daga Amurka, aka fara ganinta a Nijeriya a 2016, nan take ɓuya da rana. Alamarta ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya, da zane kamar cokali mai yatsu biyu a goshi. In hoton ya nuna haka, malamin gona ya san abin da zai faɗa maka.

Na biyu, tsuntsu da ɓera ba sa tsayawa in sun ga mutum. Masu lambu a Ƙofar Marusa da masu noman rani a Ajiwa sai su kafa waya da sassafe, su koma inuwa, su danna in maɓarnacin ya sauka.

Abu ɗaya: kada ka bar waya cikin rana tsaka, zafi yana kashe ta. Bidiyon minti ɗaya ya isa. Kai wa malamin gona na KTARDA kafin ka sayi magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.