Cinikin Alewa a Lakwal: Ina Uwar Kuɗi, Ina Riba?

Darasinmu na yau lissafi ne, kuma daga faifan alewa za mu ɗauko shi.

Wani lokaci malamin lakwal yakan shirya wa ajinsa tafiyar buɗe ido. A ƙasarmu ta Adar akwai abin gani. A kwarin Majiya, wajen Buza, akwai layukan bedi da aka fara dasawa a 1975 don su tare wa gonaki iska. A Keita kuma akwai aikin raya ƙasa da aka soma a 1984 da taimakon Italiya, inda mata da maza suka jera duwatsu, suka dasa itatuwa a kan fako. Yaron da ya gani da idonsa ba ya mantawa.

To, amma mota ba ta tashi sai da kuɗi. Shi ya sa wani yaro ko yarinya kan roƙi jari a gida, a sayo alewa a sayar wa ƴan aji lokacin hutu. Wannan dabara ce mai kyau, in an iya lissafi.

Ku ɗauki alƙalami mu gwada. A ce yarinya a Madawa ta sayo ƙunshin alewa jikka guda, wato dala 200. A ciki akwai ƙwara 50. Tana sayar da kowace ƙwara dala 5. In ta sayar duka, ta sami dala 250. Shin duka nata ne? A'a. Dala 200 uwar kuɗi ce, da ita za a sayo wani ƙunshin. Dala 50 kaɗai ita ce riba.

Yanzu a ce ta sha ƙwara 4, ta ba ƙawaye bashin ƙwara 6, ba su biya ba. Ƙwara 10 ke nan, kuɗinsu dala 50. Kun gani? Riba ta tafi duka, ta yi wahalar banza.

In kuɗin mota jikka 3 ne, wato dala 600, sai ta sayar da ƙunshi 12 ba tare da asara ba. In ƙunshi guda take ƙararwa a mako, mako 12 ke nan. Don haka a fara da wuri.

Iyaye, ga aikinku. Da farko a nemi izinin daraktan lakwal. A ba yaro ɗan littafi, a ja layi uku: abin da aka sayo, abin da aka sayar, abin da ya rage. Kowace yamma ku zauna tare ku duba. A ware riba a sa a asusu, kada a taɓa ta don cefane. A rufe alewa saboda ƙuda da ƙura.

Abu mafi girma: ciniki lokacin hutu ne kawai. In an buga ƙararrawa, a ɗaure faifai a shiga aji. Yarinyar da talla ta raba da karatu ta yi asarar da ribar alewa ba ta iya biya.

Ga aikin gida: ƙunshi na dala 300, ƙwara 75, kowace dala 5. Nawa ce riba? Ku rubuta ku kai wa malaminku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.