Araha Ba Ta Ado

Manomi ɗan'uwa, kaka ta yi. Ka sayar da ɗan wake, ko ka kai akuya kasuwar Subdu, kuɗi sun shigo aljihu. Ran kasuwar Gure ko ta Gidigir za ka tarar da kaya iri biyu a jere, ga mai araha, ga mai tsada. Ido zai ja ka wajen mai araha. Dakata tukuna. Kai da ka yi karatun yaƙi da jahilci ka iya lissafi. To, yau ranarsa ce.

Ɗauki alƙalami mu gwada

Ga misali. A ce igiyar rijiya ta dala 200 tana yin wata 3 ta tsinke. A ce ta dala 400 tana kai wata 12. Mai sayen ta araha zai saye ta sau 4 a shekara. Dala 200 sau 4, dala 800 ke nan. Mai sayen ta tsada dala 400 ya kashe, ya huta. Wa ya ci riba a cikinsu? Kuma ba mu lissafa gugan da ya faɗa rijiya ba, da shanun da suka wuni da ƙishirwa.

Saboda haka in ka tambayi kuɗin abu, ka ƙara tambaya biyu. Kwana nawa zai yi mini? In ya lalace, me zan rasa? Akwai kaya huɗu da amsar ta biyu take da nauyi ƙwarai.

Na ɗaya: iri

A ƙasar Gure ruwan shekara wajen milimita 300 ne, kuma damina gajeriya ce. Tsofaffi ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. Wanda ya shuka irin banza, kafin ya gane ya sake shuka ruwa ya yi nisa. Hatsin da ake aunawa a kasuwa don tuwo, ba ka san gonar da ya fito ba, ba ka san kwana nawa yake yi kafin ya nuna ba.

Ma'aikatar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, tana da irin hatsi mai saurin nuna, kamar HKP, wanda ke isa girbi cikin wata 3 ko ƙasa da haka. Tiyarsa ta fi ta kasuwa tsada. Amma tiya 3 ko 4 sun ishe ka shuka eka guda ta mita 100 kowane gefe. Ɗan abin da ka ƙara a kan tiya 4, shi ke tsaron abincin gidanka na shekara. Malamin gona zai gaya maka inda ake samun na gaskiya.

Kowane iri ka samu, gwada shi tun kafin ruwan farko. Ƙirga ƙwaya 100, ka naɗe su cikin jiƙaƙƙen tsumma, ka riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako guda ka buɗe ka ƙirga. In waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, nemi wani iri.

Na biyu: buhun ajiyar wake

Kowa ya san wake yana araha da kaka, ya yi tsada da bazara. Abin da ke hana manomi jira shi ne ƙwaro. A cikin buhun leda na kullum, wata 3 ko 4 sun isa wake ya zama huji da gari.

Tun 2007 aka fara yaɗa buhun PICS a Nijar. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi, tare da masu bincike na Afirka. Buhu uku ne a haɗe: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa ɗaya a waje. In ka matse iska, ka ɗaure kowanne daban, ƙwaro zai rasa numfashi ya mutu, ba tare da ka zuba magani ko kaɗan ba. Ya fi buhun kullum tsada sau da yawa, amma in bai huje ba zai yi maka kaka 3. Sharaɗinsa: wake ya bushe sarai, ka duba leda ko da huji, ka ɗora buhun a kan itace inda ɓera ba zai kai ba.

Na uku: kayan aiki

Hauyar da aka yanka daga tsohuwar ganga tana lanƙwashewa tun noman farko. Wadda maƙeri ya ƙera da ƙarfen mota mai kauri tana ganin damina da yawa. Ƙwanƙwasa ruwan hauyar ka saurara, ƙarfen kirki ƙara yake yi. Hauya in ta karye da damina, ciyawa ba ta jiran ran kasuwa. Ka sayi ta maƙerin da ka sani, wanda za ka iya komawa wurinsa.

Na huɗu: magani

Nan ne araha ke kisa. Ƙwayar da ake talla a faranti ta wuni cikin rana, zafi ya rage mata ƙarfi, wata ma jabu ce tun asali. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu, cikin magani 10, guda ɗaya jabu ne ko marar inganci. Ke uwargida, in masassara ta kama yaro da damina, ki kai shi gidan likita a auna jininsa, a sayi magani a farmasi. Ku da kuka iya karatu, ku duba wata da shekarar da aka buga a jikin kwali. In sun wuce, kada a sha. Maganin dabba ma haka yake: a tambayi likitan dabbobi. Ƙwayar dala 20 ta banza tana iya jawo asarar saniya.

Tsada ma ba shaida ba ce

Kada ka ce duk abu mai tsada nagari ne. Wani ɗan kasuwa kwali mai walƙiya yake sayarwa. Taɓa, gwada, tambayi maƙwabcin da ya riga ka saye. Kuma akwai inda tsimi ke da kyau: hular ado, kwanon jere, turare. Waɗannan in sun lalace ba wanda zai kwana da yunwa.

In kuɗi ba su isa ba fa?

Ka sayi iri, buhu da hauya yanzu da kaka, tun kuɗi na hannu. Ku haɗu ku biyar ko goma, ku aiki mutum ɗaya ya sayo muku a dunƙule, ya rubuta abin da kowa ya bayar. Mata masu adashi su ma suna iya yin haka.

Ka karanta wa mutanen gidanku wannan takarda da dare, ku yi lissafin igiyar nan tare. Allah ya sa albarka a abin da muka noma.