Kamfanin sabulun da ya koya wa duniya jiran kashi na gaba

Duk mai kallon fim mai dogon zango ya san wannan takaicin. Ana gab da tona asiri, kiɗa ya tashi, hoto ya tsaya cak a fuskar jaruma, sai a ce a tara a kashi na gaba. Haka Labarina da Daɗin Kowa ke yi wa masu kallonsu daga Kano har Maraɗi da Damagaram, haka finafinan tashar Novelas TV ke yi wa gidaje da dama a Yamai. Yanke labari a inda ya fi daɗi tsohuwar dabara ce, tun a Dare Dubu da Ɗaya ake yin ta. Amma a cikin waɗanda suka mayar da ita sana'ar kullum, ta kwana biyar a mako, shekara da shekaru, babu kamar wani kamfanin sabulu na Amurka mai suna Procter & Gamble, ko P&G a taƙaice. Shi ne mai Ariel da Pampers da Always da ake gani a kantuna.

Daga nan ma sunan ya samo asali. Masu jin Faransanci suna cewa "feuilleton", amma a Turancin Ingilishi "soap opera" ake kiran irin wannan shiri, wato wasan kwaikwayon sabulu. Ƴan jaridar Amurka ne suka laƙa masa sunan a ƙarshen shekarun 1930, kuma da ba'a suka yi.

An kafa kamfanin a 1837 a birnin Cincinnati na jihar Ohio. William Procter mai yin kyandir ne ɗan asalin Ingila, James Gamble kuma mai yin sabulu daga Ailan. Ya da ƙanwa suka aura, surukinsu ne ya ba su shawarar su haɗa jari tunda kitsen dabbobi ɗaya suke rububi a kasuwa. Kusan shekara ɗari kamfanin ya yi babu ruwansa da wasan kwaikwayo.

Rediyo da matan gida

A farkon shekarun 1930 tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, kamfanoni da yawa suka rage kuɗin talla. P&G ya yi wani lissafin daban: ko ana talauci dole a yi wanki, kuma mai zaɓen sabulun da za a saya ita ce uwargida. Da rana tana gida, hannunta na cikin ruwa ko tana guga, ba ta da sukunin karanta jarida, amma kunnenta a buɗe yake. Tashoshin rediyo kuwa a lokacin suna sayar da sa'o'in rana da araha, don a ganinsu babu wanda ke saurare.

A 1933 aka fara shirin Ma Perkins a tashar WLW ta Cincinnati, kafin shekarar ta ƙare ya koma babbar tashar NBC da ake kamawa a faɗin ƙasar. Minti 15 ne a kullum, labarin wata dattijuwa da mijinta ya rasu ya bar mata wurin sayar da katako, tana riƙe da ƴaƴanta tana sasanta rigingimun gari. Garin sabulun Oxydol ake tallatawa a ciki. (Mu nan kowane garin sabulu omo muke ce masa, alhali Omo na Unilever ne, babban abokin hamayyar P&G.) Virginia Payne, wadda ta fito a matsayin dattijuwar, shekararta 23 kacal lokacin da ta fara, kuma ita ta riƙe muryar har shirin ya ƙare a Nuwamban 1960, bayan kashi fiye da 7,000.

Sabulu ya sayu. Colgate-Palmolive da Lever Brothers su ma suka cika rediyo da nasu shirye-shiryen. Abin lura shi ne tasha lokaci kawai take sayarwa. Shirin na mai talla ne, shi ke biyan marubuci da ƴan wasa ta hannun kamfanonin tsara talla irin su Compton da Benton & Bowles, shi kuma ke cewa a ci gaba ko a tsaya.

Malamar makarantar da ta gina gidan

Idan P&G ne mai kuɗi, Irna Phillips ce mai basira. An haife ta a Shikago a 1901, ta koyar a makaranta, sannan ta shiga tashar rediyo ta WGN inda ta ƙirƙiro Painted Dreams a 1930, shirin da masana da yawa ke ɗauka a matsayin na farko a irinsa. Ta yi shari'a da tashar kan ko shirin na wane ne, ta sha kaye. Darasin bai ɓace mata ba, ta zama mai tsananin kishin aikinta, har ƴan wasa na shakkarta.

Ba ta zama ta rubuta da hannu. Kai da kawowa take yi a ɗaki tana kwaikwayon muryar kowane ɗan wasa, sakatariyarta na bugawa, kuma an ƙiyasta tana fitar da kalmomi wajen miliyan 2 a shekara. Ita ta yawaita sa likitoci da lauyoyi a cikin labari, don asibiti da kotu ba sa rabuwa da tashin hankali. Ita ta kafa al'adar kiɗan da ke tashi tsakanin fage da fage, da jan labari a hankali yadda ko mace ta fita tsakar gida shanya ta dawo ba za ta ɓace ba.

Ranar 25 ga Janairun 1937 ta fara The Guiding Light, labarin wani limamin coci da ke barin fitila a kunne a tagarsa don duk mai damuwa ya san akwai inda zai ƙwanƙwasa. P&G ne ya fara ɗaukar nauyinsa, kuma daga baya shirin ya zama mallakar sashen da kamfanin ya buɗe don wannan harka, Procter & Gamble Productions.

Shigowar talabijin

Talabijin bai karɓi wannan salo da sauƙi ba. Mutane da yawa sun ce mace ba za ta iya wanki tana kallon akwati ba. Gwajin da Phillips ta yi a 1949, These Are My Children, makonni kaɗan ya yi aka rufe shi. Na farkon P&G, The First Hundred Years, ya fara a tashar CBS a Disamban 1950, bai cika shekara biyu ba. Search for Tomorrow da aka fara a Satumban 1951 ne ya nuna abin zai yiwu: ya kai har 1986, kuma Mary Stuart ta yi shekara 35 cur tana fitowa a matsayin mace ɗaya, masu kallo na tsufa tare da ita. Ranar 30 ga Yunin 1952 The Guiding Light ya hau talabijin. Shekara huɗu ƴan wasan suka yi suna yin kashi ɗaya sau biyu a rana, ɗaya don kyamara, ɗaya don rediyo.

Phillips ta dage cewa minti 15 ya yi kaɗan, tana son lokacin da kyamara za ta tsaya a fuskar mutum a ga abin da ke ransa. Ranar 2 ga Afrilun 1956 P&G ya fito da shirye-shirye biyu masu rabin awa, As the World Turns nata, da The Edge of Night mai labarin ƴan sanda da kotu. Na farkon bai yi farin jini nan take ba, amma daga 1958 zuwa 1978 babu shirin rana da ya kai shi masu kallo a Amurka. Helen Wagner, wadda ta buɗe kashin farko da gaida mijinta da safe, ta ci gaba da fitowa a matsayin Nancy Hughes har rasuwarta a 2010.

Kai tsaye ake watsa shi har 1975, babu damar a yanke a sake. Ranar 22 ga Nuwamban 1963, minti goma da farawa, CBS ta katse shirin, muryar Walter Cronkite ta sanar cewa an harbi Shugaba John Kennedy a Dallas. Ƴan wasan da ke New York ba su san abin da ke faruwa ba, suka ci gaba da wasansu. Dubban kashi na wancan zamani babu su a yau, domin wanda aka yi kai tsaye ya bi iska, wanda aka naɗa kuma ana goge faifan a sake amfani da shi. Sai wajen ƙarshen shekarun 1970 kamfanin ya fara adana su. A wurinsa kashin jiya ya gama aikinsa tunda ya sayar da sabulun jiya.

Mai biya shi ke da bakin magana

A 1962 Agnes Nixon, ɗalibar Phillips da ke rubuta The Guiding Light, ta so ta sa wa Bert Bauer, uwar da masu kallo ke ƙauna, cutar sankarar mahaifa, don mata su riƙa zuwa gwaji da wuri. An yarda, amma da sharaɗi daga tashar da mai talla: kada a ambaci sunan cutar, kada a ce mahaifa, kada a faɗi sunan gwajin. Ta rubuta labarin a haka, mata kuma suka gane saƙon. Wannan ya nuna fuska biyu ta tsarin. Kuɗin sabulu ne ya kai maganar lafiyar mata cikin miliyoyin gidaje, tsoron ɓata wa mai saye rai kuma shi ya ɗaure bakin marubuciyar.

Nixon ta bar gidan daga baya, ta kai One Life to Live da All My Children tashar ABC. William Bell, shi ma ɗalibin Phillips, ya ƙirƙiro The Young and the Restless a 1973, wanda masu kallon tashoshin Faransa suka sani da Les Feux de l'amour. Ita kanta Phillips a shekarar ce P&G ya sallame ta daga As the World Turns, shirin da ta haifa, saboda masu kallo sun fara raguwa. A Disamban shekarar ta rasu.

Matasan da ke ɗora finafinai masu dogon zango a YouTube, suna buɗe kowane kashi da tallar man shafawa ko ta masu sayar da filaye, kan wannan hanyar suke, ko sun san tarihinta ko ba su sani ba. Bambancin shi ne akasarinsu su ke da tasharsu da labarinsu, abin da Phillips ta nema a kotu ba ta samu ba. A ganina wannan ya fi kuɗin talla daraja, kuma shi ne abin da ya kamata mai shirya fim ya karanta da kyau kafin ya sa hannu a takardar kowane mai ɗaukar nauyi.

Rufewa da dawowa

Abin da ya ɗaga shirye-shiryen shi ya kayar da su. Matan Amurka sun fita aiki, tashoshi sun yawaita, shari'ar O.J. Simpson a 1995 ta janye masu kallon rana na tsawon watanni, wasu ba su dawo ba. Shirin hira ko na gasa kuma ya fi araha nesa da biyan ƴan wasa da marubuta da yawa kullum. Another World ya rufe a 1999. A 2008 Guiding Light ya koma ɗaukar hoto da ƙananan kyamarorin hannu a wani ƙaramin gari na jihar New Jersey don rage kashe kuɗi, bai hana komai ba. Ranar 18 ga Satumban 2009 aka nuna kashinsa na ƙarshe, bayan shekara 72 a rediyo da talabijin. As the World Turns ya bi shi ranar 17 ga Satumban 2010, CBS ta maye gurbinsa da shirin hira mai suna The Talk.

Shekara 14 da ƴan watanni P&G ya yi ba shi da irin wannan shiri a talabijin. Ranar 24 ga Fabrairun 2025 CBS ta fara Beyond the Gates, labarin wani iyali na baƙaƙen fata masu arziki a kusa da birnin Washington, wanda Michele Val Jean ta ƙirƙiro. Tashar ce ke shirya shi tare da ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP da sashen P&G Studios, kuma lokacin da aka ba shi da rana shi ne wanda The Talk ya bari.