2.3 Sauyin Fourier a Kwamfutar Kwantum

A wannan sashe za a duba matsayin sauyin Fourier a lissafin kwantum. Dabarar da Cooley da Tukey suka fito da ita a 1965 tana buƙatar matakai kimanin n×2ⁿ kafin ta sarrafa lambobi 2ⁿ. Kwamfutar kwantum kuwa, matakai kimanin n² sun ishe ta. Sai dai ba a iya karanta dukkan sakamakon, domin kowane awo amsa ɗaya tak yake bayarwa. Ke nan, amfanin sauyin shi ne gano zangon da jerin lambobi ke maimaita kansa. Da wannan ne Peter Shor ya nuna a 1994 yadda za a warware babbar lamba zuwa lambobin da aka ninka aka same ta, aikin da tsaron RSA ya dogara ga wahalarsa.